Sifirin da na ƙara wa Yaya Isuhu

Daren Talata, Tawa

Wata guda ke nan Yaya Isuhu na koyon kwantabilite, wato lissafin kuɗi, ta salula. Malaminsu ya ce lissafin dama da na hagu dole su zo daidai. Ran Juma'a na faki idonshi, na ƙara sifiri guda cikin kayenshi, littafin da yake rubuta lissafin. Ni da karatun allo kaɗai na sani, so nike in ga ɗan lakwal, mai karatun boko, na zufa.

Kwana huɗu yana neman kuskuren, bai gani ba. Ɗazu ya ce, "Auta, kaina bai ɗauka. Na saida salular, jibi sai Libiya."

Inna na ɗaki tana kuka. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai ya dafa ni ya ce in kula mishi da ita. Na ce to.