Nunan Farin Masarar Mma

Salaga

Zuwa ga ƙanwata Barakatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara.

Masarar Mma ta nuna. Ga buhu biyu na nunan fari na ba direba, ɗaya naki, ɗaya ki ɗora wa motar Bawku ya je wa autarmu Ummul-Khair. Na karya su da ɓawonsu, ban buɗe ko ɗaya ba, yadda Mma take yi tana raye: wanda aka kai wa shi ke ɓarewa, ya watsa ɓawon a gonarsa don albarkar ta zaga. Ke da kika bar noma kika kama awo a kasuwa, ki watsa naki ko a bayan gida ne.

Wata tsutsa ta ɗan huda ganye kwanaki, na yi feshi, magana ta ƙare. Ki gaishe da kowa.

Yayanki,
Abdul-Gafar

Yendi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma labari ba daɗi.

Buhuna sun iso, a tasha na ɗora na Bawku nan take don kada ya kwana. Sai da na koma gida na ɗora ruwa a wuta sannan na ɓare nawa. Yaya, goyon farko da na buɗe, wata tsutsa ce kwance a ciki, ƙatuwa kamar ɗan yatsana, ta cinye ƙwayar ta bar kashi kamar dusa. Na buɗe na biyu, na uku, duk haka. Daga waje kuwa kore shar, ko ni mai sayar da hatsi ban gane ba.

Na ɗebi ɗaya a gwangwani na kai wa malamin gona. Ya ce ita ce tsutsar nan da ta addabi manoma. Idan ta shige goyo, ɓawo ya rufe ta, feshinka wanka kawai ka yi wa ganye.

Na kira Ummul-Khair har kunnena ya yi zafi, ka san gonarta babu sabis. Masararta ko fure ba ta yi ba, mu kuma mun aika mata da wannan da hannunmu. Don Allah ka ajiye girman nan ka shiga gonarka ka ɓare ka gani.

Ƙanwarka,
Barakatu

Salaga

Auta,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na shiga gona na ɓare daga wannan kunya zuwa waccan. Ban sami goyo ɗaya da zan ajiye don iri ba. Na zauna a ƙasa, ma'aikata suna kallona. Rabona na irin da Mma ta bar mana duk na shuka shi bana, ban rage ko ƙwaya ba. Yanzu a duniya babu shi sai a gonarki.

Kada ki watsa ɓawon. Ki ƙona buhun da abin da ke ciki.

Yayanki,
Abdul-Gafar

Bawku

Yaya da Yaya Barakatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku gaba ɗaya, wasiƙa ɗaya ce don ba ni da ƙarfin biyu.

Takardarka ta zo a makare, Yaya. Ranar da buhu ya iso, a bakin gona aka sauke mini shi. Na ga tsutsa, na ce ai masara ba ta rasa tsutsa, na kakkaɓe su a ƙasa, na watsa ɓawon tsakanin kunyoyi ina yi wa Mma addu'a. Da na karanta saƙonka na ruga gona babu ko mayafi. Na leƙa zuciyar masarar da ke kusa da ɓawon, sun riga sun hau. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba.

Malamin gonarmu ya ce ko ba buhunku za ta iya zuwa, uwarta mai fiffike ce, tashi take yi. Bai sanyaya mini rai ba. Na tara matan unguwa, muna bin masara ɗaya bayan ɗaya da sassafe, mu tsince da hannu, mu zuba toka da yashi a zuciyarta. Yatsuna duk sun tsage. Ban san abin da zai tsira ba. Ku yi addu'a.

Autarku,
Ummul-Khair

Bawku

Yaya,

Assalamu alaikum. Mun yi girbi. Abin da ya tsira bai cika kwando ba, amma ƙwayar ja ce mai kyau, irin ta Mma sak.

Ga rabonka na iri a hannun direba, na Yaya Barakatu ma yana ciki, ka ce mata ta nemi fili ta koma noma. Za ka gan su tsirara. Ni na ɓare su, na duba kowane goyo, na shanya, ɓawon kuma na ƙona shi. Na san ba haka ake yi a gidanmu ba. Idan ka je kabarin Mma, ka gaya mata ni ce.

Allah ya kai mu damina lafiya.

Autarku,
Ummul-Khair