Ita ta ba ni gurbinta, ni na bari aka kore ta

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, domin a Bodinga ko tari na yi an san ni ce. Don Allah ku ba ni shawara, akwai wata tsohuwa da ke kwance ba lafiya a garin Shagari, na yi mata ƙarya shekara arba'in da wani abu, kuma ban sani ba ko in faɗa mata gaskiya tun tana da sauran numfashi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tsohuwar malamar makaranta ce ni, ba mu iya gajarta magana ba.

Na fara koyarwa a Horo Birni lokacin mulkin farar hula na biyu, ina yarinya, ba ni da wata takarda sai ta gama firamare da ɗan kwas na wata uku. A lokacin duk abin da ya shafi ci gaban ma'aikaci, ƙarin girma ne, ko gurbin ƙaro karatu, maza ne ke jin labarinsa. A majalisa suke ji, ko a bakin masallaci bayan la'asar. Sanarwar kuma a barandar ofishin ilimi ake liƙa ta, inda maza ke zaune reras a kan benci, wace mace ce za ta je ta tsaya a kansu tana karatu? Kafin labari ya iso mana ƙauye an riga an rufe karɓar takardu.

Wadda ta gyara mana wannan ita ce matar da zan kira Inna Malama. A Kajiji take koyarwa, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Duk Alhamis bayan an tashi makaranta muke haɗuwa a tsakar gidanta, malamai mata na ƙauyukan nan, da ungozoma ɗaya, da wata mai buga tafireta a ofishin ilimi, Allah ya jiƙanta. Ita mai tafiretar, in ta buga sanarwa sai ta ajiye baƙar takardar kabon ɗin da aka gama amfani da ita, ta naɗe a cikin kwanon abincinta ta kawo. Inna Malama ta ɗaga kabon sama saitin rana tana karanto mana, hannunta duk ya yi baƙi. Haka muke sanin abin da maza suka sani. Ita ta koya mana rubuta takardar neman aiki, da yadda ake amsa tambaya a intabiyu ba tare da mutum ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin gyale ba. In kika yi magana ƙasa ƙasa sai ta ce bango bai ji ba, sake.

Wata Alhamis kabon ya zo da labarin gurbin karatun Giredi Tu, wato takardar shaidar malanta, shekara biyu, kuma gurbi ɗaya tak aka ware wa mata a yankinmu. Kowa a wurin ta san na Inna Malama ne, ita ce babba, ita ma ba ta da takardar. Sai ta ɗauko fom ɗin da aka karɓo ta rubuta sunana. Na yi ta kuka ina cewa a'a. Ta ce, "Ke za ki tahi. Ni ɗiya sun yi man yawa, kaina kuma ya tsuhwa. Tahi ki karanto muna." Har gidanmu ta je ta shawo kan mahaifina, ta yini cur a ɗakin mahaifiyata sai da ya amince.

Na je na dawo da takarda. Ba a jima ba aka nemi mace mai duba malamai mata a ofis, Inna Malama ta zaunar da ni sati biyu tana yi mini tambayoyi kamar ita ce shugaban kwamiti, har muryar maza take kwaikwaya muna dariya. Na samu aikin. Ni ce mace ta farko da ta samu tebur nata a wannan ofis ba na tafireta ba. Ranar da zan fara ta ja ni gefe ta ce shekarar farko in yawaita saurare in rage magana, kada a ce an kawo mace ta zo da rigima, a rufe wa na bayana ƙofa.

To daga nan zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, sabulu da madara sai an yi layi, albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, sannan sojoji suka karɓi mulki. Umarni ya zo a rage ma'aikata, a fara da malaman da ba su da takarda. Aka kafa kwamiti na mutum bakwai, maza shida da ni. Yadda aka yi aikin shi ne, a karanta suna, in wani a cikinmu ya tsaya wa mai sunan ya kawo dalili, kamar daɗewa a aiki ko ƙwazo, sai a tsallake shi. Ina zaune ina kallo kowa ya ceci nasa. Wannan ya ceci surukinsa, wancan ya ceci ɗan unguwarsu wanda ni na san ko rajista bai iya kira ba. Kafin a shiga zaman kuwa na ji wani daga cikinsu yana cewa a baranda, yau za mu ga son kai irin na mata.

Aka zo kan sunanta. Shugaban kwamitin, dattijo ne mai kirki, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malama, wagga ba uwar ɗakinku ba ta? Akwai abin da za ki hwaɗi?" 'Yan uwa, hanya ya buɗe mini da kansa. Kalma biyu kawai ake nema daga bakina. Sai na ga idanun mutum shida a kaina, na tuna maganar baranda, na ji tsoron rasa kujerata. Na ce na san ta, amma doka ai doka ce. Wani ma har ya yaba mini, ya ce wannan yarinya tana da gaskiya. Aka wuce suna na gaba.

Na daɗe ina faɗa wa kaina wai shawararta na bi, ita ta ce in rage magana. Ƙarya nake yi wa kaina. Ba ta ce in yi shiru a yanka ta ba. Tsoro ne kawai, da son a ce ni ba irin sauran mata ba ce.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na je Kajiji, takardar sallama ta riga ni isa. Tun kafin ta tambaye ni na ce mata daga Sakkwato aka aiko da sunayen a rufe, mu sa hannu kawai aka ce mu yi. Ta yarda nan take. Ita ce ma ta riƙa lallashina, wai kada in sa abin a rai, in riƙe aikina da kyau. Shekara goma sha tara tana koyarwa, ta fita ba fansho. Ta koma yin gabu, tana daka ganyen albasa tana shanyawa ana kai mata kasuwa. Amma zaman Alhamis bai mutu ba, ta ci gaba da tara mata, ta ci gaba da turo mini 'yan mata da 'yar wasiƙa a hannu, ga ƙanwarki nan ki ja ta. Na ja su kuwa, Allah shaida. A cikinsu akwai shugabannin makarantu yanzu, akwai wadda ta kai darakta. Duk sallah ina kai mata atamfa da hatsi, ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa in dawo gida in kasa cin abinci.

Yanzu duk waɗanda suka zauna a wannan kwamiti sun rasu, ni kaɗai na rage. Babu takardar da za ta tona ni. Makon jiya 'yarta ta kira ni ta ce jikin Inna ya yi tsanani, tana nemana. Na je Shagari inda take jinya, na same ta ta rame ƙwarai, amma hankalinta garau. Ta kama hannuna a gaban 'yarta da jikokinta ta ce, "Ku shaida, in na cika wagga za ta yi man wanka. Ita ad ɗiyata ta hwari wurin aiki, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba." Kun san dai a wurinmu mace ba ta ba da wankanta sai ga wadda ta amince wa fiye da kowa. Na buɗe baki in yi magana, kuka ya ci ƙarfina, su kuma suka ɗauka kukan tausayi ne.

Da na dawo na faɗa wa babbar 'yata komai, ita ce mutum ta farko da ta taɓa ji. Mun yi sa'insa sosai. Ita a ganinta in na faɗa, kaina kawai zan sauke wa nauyi in ɗora wa mara lafiya, gara in bar tsohuwa ta tafi da farin cikinta, in yi ta istigfari da sadaka. Ni kuma na ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, kuma ta yaya za ta yafe abin da ba ta san an yi mata ba? Na sha cewa Inna ki yafe ni, ta ce na yafe duniya da lahira, amma ita tana nufin ƙananan abubuwa ne irin na zaman tare. 'Yar tawa ta ƙara da cewa in tuna matan da ke kallona a matsayin uwa, in labarin ya fita me za su ce. Wannan maganar ta fi yi mini zafi, domin irin wannan lissafin ne na yi a gaban kwamiti.

Jibi zan koma Shagari, likita ya ce wa 'yarta kada su yi nisa da ita. Don girman Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci, masu ilimin addini a cikinku ma ku sa baki. In durƙusa in faɗa mata ni ce, ko da za ta janye wasiyyarta ta juya mini baya a kwanakinta na ƙarshe? Ko in yi shiru in karɓi wankan, alhali na san ba ni ce matar da take zaton ta ba wa ba?