Lambar da Ke Ƙasan Bidiyo

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Autarki lafiya lau, sai ci kamar gara.

Albishirinki! Bidiyo talatin na saurara a intanet kafin na samu wanda ya dace da ajina na sauraren Turanci. Wani gudu yake kamar ana korarsa, wani kiɗa ya danne maganar. Kin san tsarina: in kife wayar a tebur, in rufe ido, kunne ya yanke hukunci. Ai darasin na kunne ne. Wanda na zaɓa wani mutum ne mai sanyin murya, yana koyar da yadda ake amsa tambayoyi a filin jirgi, kalma ɗaya-ɗaya.

Sau huɗu na haska musu a bango. Ni ina tsaye na ba bangon baya, ina duba wa zai yi gyangyaɗi. Ko ɗaya! Har Auta, da ba ta ɗaukar biro sai an yi faɗa, na ga tana rubutu.

A gaida maigidan.
Ƙanwarki.

Malama,

Na amsa gaisuwa, ƙafa da sauƙi.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ran Talata Auta ta kira ni, wai in ba direban da ke kawo mana wasiƙa takardar haihuwarta, ke kika ce makaranta na nema. Na bayar. Amma muryarta ba ta kullum ba ce, har ta ce in yafe mata. In yafe me?

Kuma me ake rubutawa a darasin saurare? Tun kina ƙarama haka kike, in kin yarda da abu ba kya waiwaye. Mutumin nan da kike yabo, kin taɓa ganin fuskarsa? Don Allah buɗe ido ki kalla. Amana na ba ki.

Ki huta lafiya.
Yayarki.

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan.

Da na karanta wasiƙarki haushi na ji. Na ce shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, mai sayar da atamfa ce za ta koya mini aiki? Sai na tuna wasu 'yan mata biyu ba su zo aji ba tun Alhamis.

Na kalla, Yaya. Innalillahi! Maganarsa ba aibu. Amma a ƙasan hoton akwai rubutun da ke wucewa, wanda bai taɓa furtawa ba: aiki a ƙasar waje ga 'yan mata, ba sai iyaye sun sani ba, ga lambar waya. Sau huɗu yana wucewa a bayana.

Takardar haihuwa kuwa, ban ce a kawo ba. Na duba littafin Auta, lambar na shafin ƙarshe, ta ja mata layi biyu. Na kira lambar, a kashe. Shugaban makaranta ya sanar da 'yan sanda.

Ran Alhamis ɗin Auta ta ce ƙafarki ta tashi, za ta zo jinya. Ni da kaina na riƙe mata jaka zuwa bakin titi. Tsoro nake ji. Ki ce mini tana wurinki.

Ki yafe mini.
Ƙanwarki.

Ƙanwata,

Sallama. Ƙafata ba ta tashi ba. Auta ba ta zo ba.

Gobe ina tafe. Kada ki goge bidiyon nan, ina so in ga fuskarsa.

Allah ya jishe mu alheri.
Yayarki.