Alluran da ke ƙarƙashin randa

Daren Talata, tsakiyar Sha'aban

Yau Inna ta gano alluran. Na ƙulle kwalinsu a leda na tura ƙarƙashin randa, don likita ta ce kada su ji zafi, mu kuwa rabonmu da wutar lantarki har mun manta. Ta shigo shan ruwa, sai ga ta da kwalin a hannu.

"Hindatu, wannan fa?"

Na ce na ƙarin jini ne. Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

Da wane bakin zan gaya wa uwar miji ni lafiyata lau? Maniyyin ɗanta ne ba ƙarfi. Shi ya sa a asibiti can Kano za su ciro ƙwaina, su ɗauki ƙwaya ɗaya daga nasa su sa a ciki da allura, sannan su mayar mini da shi cikin mahaifa. Alluran nan na shirya ƙwan ne. Mijina Malam ya roƙe ni kada kowa ya ji. Shekara da shekaru ni ake ɗura wa saiwoyi, ban taɓa tona shi ba.

Bayan la'asar na hango Inna da yayan Malam, Habu, a bakin gonarsu ta gado, yana jujjuya kwalin. Ya taɓa aiki a kemis a Bici.

Da magariba ya shigo, bai amsa gaisuwata ba. Ya ce wa Malam, "Duk ɗan da aka haɗo a asibiti, sai mun san ubansa kafin ya gaji gonar nan."

Na jira Malam ya yi magana. Bai ɗago kai daga kwanon tuwo ba.

Jibi za a ciro ƙwan.