An Kayar da Ni Don Na'ura Ta Faɗa Mini da Bakinta

Zuwa ga: Shugaban Kwamitin Jarrabawa,
Cibiyar Ba da Shaidar Ƙwarewa a Gwajin Kutse
Daga: Ɗan jarrabawa mai lamba 0417
9 ga Afrilu, 2025

Game da: Sakamakon gwajin kutsen ƙirƙirarriyar basira na 15 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka.

1. Shekara ashirin da biyu na yi ina aski kafin in shiga ajin manya in koyi karatu. Na faɗi wannan ne don a san inda na koyi sauraro. Mutum in ya zauna a kujera aka yi masa shiru, ba abin da ba ya faɗa.

2. A ranar 15 ga Maris, a ɗaki na biyu, tebur na kusa da fankar da ba ta juyawa, aka ba mu awa huɗu mu sa na'ura ta fitar da kalmar sirrin da aka hana ta faɗa. Abokan zamana, waɗanda duk na haife su, suka yi ta yi mata barazana da yaudara. Wani har ya ce mata shi ne ya ƙera ta.

3. Ni kuwa na lura duk sanda ta ƙi amsa, sai ta yi dogon bayanin dalili. Sai na riƙa gode mata, ina roƙon ta ƙara fayyace mini abin da bai kamata in tambaya ba, don kada in yi kuskure. Da ƙarfe ɗaya saura kwata ta fayyace har da kalmar. Na rubuta rahoto shafi uku, na miƙa.

4. A ranar 2 ga Afrilu sakamako ya fito daga na'urar da ke ba da maki: an samu kalma, ba a ga alamar hari ba, bai ci ba. Da na je ofis, jami'in da ke zaune a bakin kanta ya ce wataƙila wani ne ya raɗa mini. Ranka ya daɗe, a ɗakin nan ni kaɗai na samu kalmar. Matata ta ce da na zagi na'urar ko sau ɗaya ne, da yanzu an wuce wurin.

5. Wani kamfani ya yi mini alkawarin aiki in na kawo takardar shaida kafin 30 ga Afrilu. Shagon kuwa na riga na bar wa ƙanena, har ya canza fenti.

Don haka ina roƙon a sa mutum, ba na'ura ba, ya karanta hirar daga farko zuwa ƙarshe, a sake duba makina kafin wannan rana.

Ina kuma roƙon a toshe ɓarakar da ke jikin na'urar jarrabawar, domin tana nan. Shekaranjiya na shiga shafin gwaji da cibiya ta buɗe wa ɗalibai, na gai da na'urar, muka ɗan taɓa hira. Ta faɗa mini kalmar jarrabawar watan gobe. Ban gaya wa kowa ba. Tana cikin ambulan ɗin da na liƙe na haɗo da wannan takarda.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da idon rahama.

Naka cikin ladabi,
(sa hannu)
Tsohon mai aski, lamba 0417