Hoton Ranar Suna

Alhamis da dare, Al Aziziya

Yau sunan 'yar Dakta Binta a Umm Salal. Na ja maƙwabciyata Parisa, 'yar jaridar Iran da aka tsare saboda rubutunta a intanet kafin ta gudo Doha. Har anko na ɗinka mata. Ta ci waina, ta yi rawa ba kan kiɗa ba.

Mu kuwa biki bai yiwu ba sai ya hau waya. Lokacin hoto ta ja gefe, Dakta ta jawo ta: "Haba ƙawata, kunyar me? Yalla, shigo tsakiya!"

A mota ta gaya min duk ranar da fuskarta ta fito a intanet, sai jami'an tsaro sun kira ƙanenta a Tehran ya amsa tambayoyi.

Na bi matan ɗaya bayan ɗaya a waya ina roƙo, suka goge hoton. Saura Anti Rabi, wadda ta ce ɗaurinta bai taɓa zama haka ba, sai dai ta yanke Parisa daga hoton. Ta yanke, ya rage hannu kawai a kafaɗata.

Parisa ta daɗe tana dubawa. "Bar shi," ta ce, "ba su san hannuna ba."