Katin Maƙwabciyata a Hannun 'Yan Ajinmu

Zuwa ga Shugaban cibiyar da ke koya mana aikin ofishin asibiti, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ni ɗalibarku ce daga Kurudu. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini oga ya fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, a makon da muka fara, malaminmu ya yi ta nanata mana cewa sirrin majiyyaci amana ne, ko mijinki bai kamata ya ji ba. Muka rubuta, muka haddace. Ranar darasin jera fayil sai ga shi da kwali cike da kwafin katunan marasa lafiya na gaske, daga asibitin da yake aiki da yamma. Ko sunayen bai goge ba. Wai da na gaske hannu ya fi saurin faɗawa.

Na biyu, katin da ya faɗo bencinmu na maƙwabciyata ne, mai tuyar waina a bakin layinmu. Sunanta, unguwarta, ciwon da take karɓar magani a kai, duk ga su nan. Na yi maza na kife shi, amma ya riga ya zaga hannuwa, kuma ba ni kaɗai ce 'yar Kurudu a ajin ba. Kafin mako ya zagayo, zancen ya shiga layinmu. Yanzu baiwar Allah nan sai ta wuni gaban tanda, masu saye suna wucewa kamar ba su gan ta ba. Da wainar nan take ciyar da 'ya'yanta.

Na uku, da na kai kuka, sakatariyarka ta ce na cika tsaurin ido, in yi hankali da takardar shaidata. Wallahi raina ya ɓaci. Ita ma da katinta ne aka raba wa aji, haka za ta ce?

Ina roƙo a tattara katunan nan a ƙone, a rubuta na koyo da sunayen da babu masu su. A sanar da asibitin abin da ma'aikacinsu ya yi. Sannan ka tako da ƙafarka ka ba matar nan haƙuri.

Jiya mai wainar ta tsayar da ni, wai tunda ina karatun asibiti, ko na san ta inda maganarta ta fita. Na kasa ɗaga kaina. Ranar Juma'a zan faɗa mata gaskiya, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya rufa maka asiri.

Wassalam.
Ɗalibarku daga Kurudu.